Wayar da Ta Kewaye Lambunmu

Mijina mai gyaran rediyo ne a Roni, a shekarun da ake cewa kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Mu dai labarin kuɗin muke ji a bakin direbobi. Abin da ya iso ƙofar gidanmu fari ne. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya ɓata hanya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ko fure ba ta yi ba. Mutumin da ba shi da hatsi ba ya kawo rediyo gyara, sai dai ya kawo ta sayarwa.

Ni 'yar Fulani ce daga wata ruga ta wajen Gwiwa, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. A kasuwa muka haɗu, ina tallan nono. Duk sanda zan gifta rumfarsa sai ya ƙara muryar rediyo, in na wuce ya rage. Haka ya yi ta yi har na gane da ni yake. Shi ya koya mini karatun boko bayan aure. Littattafan soyayya da na zo na riƙa saye a kasuwa daga baya, duk saurayin da ke cikinsu da mota yake zuwa, da ƙamshin turare. Nawa da ƙaurin dalma ya zo, da tabon ƙuna a yatsu, kuma har yau ban karanta wanda ya kai shi ba.

Samarin garinmu suna ta tafiya. Wasu Kano, wasu har Ikko. Wani abokinsa da ke aikin sa wutar lantarki a sababbin gidajen Kano ya yi ta aiko masa cewa ya taho, aiki ya fi ƙarfin ma'aikata. Ina da tsohon ciki a lokacin, kuma duk ranar da motar Kano ta tsaya a tasha sai in ji tsoron kada ta tafi da shi. Abin da ya riƙe shi lambu ne, ɗan fili da ya gada a fadamar bayan gari, da rijiya guda wadda ba ta ƙafe ba, da tsamiya a bakinta. Ya shuka tumatir da albasa da alayyafo, yana ba su ruwa da jigo. Wata rana muna cin abinci ya ce da ni, ba tare da ya ɗago kai ba:

"In lambun nan ya kai mu damina, Fillo, babu inda za ni."

Fillo yake kirana in yana son ya tsokane ni, amma ranar ba tsokana a muryarsa. Na riƙe wannan magana kamar yadda ake riƙe alkawarin aure.

Matsalar ita ce shanu. A duk faɗin ƙasar babu kore sai a 'yan lambunan fadama, kuma saniyar da yunwa ta ci ba ta san shingen ƙaya ba. Ƙayar ma babu, don makiyaya sun sassare rassan itatuwa sun ba dabbobi. Lambun maƙwabcinmu a yini ɗaya aka mayar da shi fili. Mutum ɗaya ba zai yi ban-ruwa, ya kai kaya kasuwa, ya kuma yi gadi ba. Daga nan ne mijina ya fara maganar wayar da za ta yi gadi da kanta.

Ya tafi Ɓaɓura ranar kasuwa, inda ake sayar da tarkacen motocin da suka mutu a hanyar Nijar. Ya dawo da buhu a kafaɗa. Ya zazzage a tsakar gida: tsohon batir, da dainamo na wata babbar mota, da wani baƙin ƙarfe mai siffar gwangwani wanda ya ce sunansa kwayil, da nannaɗen waya mai tsatsa. Akwai kuma wasu ƙananan ƙarafa biyu masu haɗa baki suna rabuwa, kwantak in ji makanikai. Na zauna a tabarma da cikina a gaba, ina kallonsa yana goge su da toka kamar mace tana goge kwanukan jerenta.

Ya yi mini bayani fiye da sau ɗaya, don yana son ya ji abin a bakinsa. Wutar batir, in ji shi, mai sanyi ce, ko ka kama ba ta yi maka komai. A cikin kwayil akwai waya iri biyu a naɗe, mai kauri kaɗan, siririya kuma mai yawan gaske. In wutar batir ta shiga mai kaurin, shiru kake ji. Sai an yanke ta farat ɗaya, sannan siririyar take zabura ta harba wuta mai ƙarfin da za ta tsallake sarari. Ya haɗa ya nuna mini. Ya raba ƙarafan nan da yatsa, sai wani shuɗin tartsatsi ya yi tsalle ya ce ƙas. Na ce masa ashe ƙarfinta ba a haɗuwa yake ba, sai a rabuwa. Ya yi dariya ya ce in bar waƙa in miƙo masa filaya.

Sauran aikin na iska ne. Ya yanka garwar kananzir gida-gida, ya ɗaura a jikin ƙafar keke, ta zama farfela. Ya kafa ta a kan dogon azara a tsakiyar lambu. In ta juya, tana juya dainamo ya cika batir, kuma akwai wata ƙusa da ya lanƙwasa a jikin sandar juyawa, wadda duk zagaye take ture ƙarafan nan su rabu. Kowane zagaye, harbi ɗaya. Ya kewaye lambun da waya ɗaya tal, daidai ƙirjin saniya, ya ratsa ta cikin wuyan fasassun kwalabe da ya ɗaure a jikin turaku, don kada wutar ta zube ta itace. Ɗaya gefen kwayil kuma ya haɗa shi da sandar ƙarfe da ya buga a ƙasa.

Ranar gwaji mutane suka taru. Iska na kaɗawa a hankali, farfela na juyawa, akwatin katakon da ya ajiye kayan a ciki yana cewa ƙas, ya yi shiru, ya sake cewa ƙas. Aka koro akuyar wani tsoho. Ta zo ta jingina da wayar, ta sosa haƙarƙarinta son ranta, ta wuce. Dariya har da masu riƙe ciki. Tsohon ya ce Allah ya saka wa mai rediyo, ya yi wa akuyarsa masoshi kyauta. Wani ya ce a bar wa matan gari su yi shanya.

Bai ci abinci ba ranar. Washegari ya gano abin: ƙasar ta bushe ƙayau, wuta ba ta samun hanyar komawa ta cikin rairayi. Sai ya tuge sandar ƙarfen ya mayar da ita gindin tsamiya, bakin rijiya, inda ruwan jigo ke zuba kullum har wurin ya zama taɓo. Ya kuma riƙa yayyafa ruwa a bin wayar. Da aka sake koro akuyar, ta taɓa da hanci, ta yi tsalle da kuka ta bi gari. Shanun da suka biyo baya, kowace sau ɗaya ta ɗanɗana, ba ta ƙara. Lambu ya tsaya kore shar a tsakiyar ƙasa mai launin toka. Daga tsakar gidanmu, da yake a bakin gari muke, ina hango farfelar ta saman katanga tana walƙiya. A idona ta fi hasumiya kyau. Muddin tana juyawa, mijina yana gida.

Amma ya san aibin abinsa, bai kuma ɓoye mini ba. In babu iska, wayar waya ce kawai. In iska ta yi daidai, harbin yana ba da sarari, dabba ta ji ta ja da baya kafin na gaba. In kuwa iska ta yi ƙarfi, ƙas-ƙas ɗin sai ya haɗe ya zama zuu ba yankewa, kuma abin da ya kama ba lallai ya sake shi ba. Don haka duk sanda ya ga iska za ta taso, sai ya cire wayar da ke kan batir. Ya nuna mini wadda ake cirewa, mai jan ƙyalle. Yana neman tsohon agogon bango ya sa ya riƙa ba da harbin a ƙa'ida, wani a Kazaure ya ce zai samo masa.

Ya so Baffana, wato mahaifina, ya sani, don garkenmu kan sauko fadamar neman ruwa. To amma suruki ba ya tsayawa da suruki. Mijina in ya hango Baffa a kasuwa, cire takalmi yake ya durƙusa daga nesa, ya sauya hanya. Ni kuma 'yar fari ce, tun tasowata Baffa bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Hanya ɗaya ce, Inna. Da ta zo duba ni na faɗa mata komai, da wayar, da iskar, da bakin rijiya inda ta fi cizo. Ta saurara tana taɓe baki. Ta ce ita ba za ta je gaban mutum mai furfura ta ce masa mijin 'yarsa ya haɗa abin dukan shanu ba, ai kamar an aika masa da gargaɗi ne. Za ta dai ce yaran suna roƙon a kau da garke daga lambu. Haka ta faɗa, shi kuma ya kau da shi. Ko sau ɗaya shanunmu ba su kusanci wurin ba.

Na haihu da bazara, mace. Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wankan jego, amma a ruga ruwan sha ma sai an yi tafiya, balle na wanka safe da yamma. Sai Inna ta tare a wurinmu, mijina yana kawo ruwa daga rijiyar lambu. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na sani. Jikina yana ciwo, ɗakin yana warin hayaƙi da ganyen darbejiya, shi kuma yana kunyar Inna, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, in ɗaga masa jaririyar ya gani daga nesa.

Ina da saniya. Ranar sunana Baffa ya ba ni uwarta, ita kuma aka haife ta ina budurwa, fara sol mai dogayen ƙaho. A wurinmu saniyar mace tana zama a garken ubanta har sai ta yi haihuwar fari, sannan a kai mata. A shekarar garken Baffa ya ƙare sai 'yan tsiraru, ban ma sa rai ba. Ashe ita yake ba dusar da ya samu, yana hana sauran.

Ranar wata Juma'a ce, zafi kamar an rufe gari da murfi, ko ganye ba ya motsi. Mijina ya yi wanka ya tafi masallaci, ya bar wayar a haɗe don babu alamar iska. Can Inna ta shigo ɗaki tana murmushi, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce mutumin ya zo, Baffa ke nan. Ba zai shigo gidan suruki ba, a bakin zaure ya yi mata magana ya wuce masallaci. Ya kawo mini abata, ya ɗaure ta a gindin tsamiyar lambu, a inuwa, kusa da ruwa, ta wajen wayar don kada ta yi ɓarna. Ya ma taɓa wayar, ya ce wannan zaren ne yaran suke taƙama da shi.

Na tashi na leƙa ta ƙofa. Farfela a tsaye take cik. Amma gabas ta yi baƙi, irin hadarin bazara mai iska ba ruwa. Ina kallo zanin da ke kan igiya ya motsa. Farfelar ta juya sau ɗaya, kamar mai miƙa daga barci, sannan ta ɗauka.

Na ajiye jaririya a gado na ja mayafi. Inna ta tare ƙofa, ta ce mai jego ba ta fita, balle cikin iska, so nake in kwashi ciwon da ba shi da magani.

"Inna, a taɓo ya ɗaure ta," na ce. "Wurin da na faɗa miki."

Ta dube ni, ta dubi farfelar da yanzu ba a ganin fikafikanta saboda gudu. Ta saɓi jaririyar ta goya, muka fita.

Ba zan iya gudu ba, tafiya nake ina dafe ciki. Gari babu namiji ko ɗaya, duk suna masallaci, ana jiyo huɗuba iska tana kawo ta tana ɗauke ta. Tun kafin mu isa na ji akwatin yana zuu. Saniyar tana kwance a taɓo. Ta miƙa wuya ne ta ƙarƙashin wayar za ta kamo alayyafo, da wutar ta same ta ta fizge kai, ƙahonta ya kwaso wayar daga kan turaku, ta naɗe mata a wuya tare da igiyar Baffa. Ƙafafunta suna ta karkarwa. Ba ta kuka, bakinta dai a buɗe.

Na zagaya na tsallaka ta inda wayar ta faɗi, na buɗe akwatin na fizge mai jan ƙyalle. Ƙarar ta tsaya. Farfela ta ci gaba da haukanta a sama.

Saniyar da ranta. Inna ta durƙusa a taɓon, ta warware wayar, ta ɗora kan saniyar a cinyarta tana yi mata magana da Fillanci, irin maganar da ake yi wa saniya lokacin tatsa. Sai a lokacin na ga yadda ta rame, duk da dusar Baffa. Ana ƙirga haƙarƙarinta. Numfashinta yana fita da ƙyar, yana daɗewa kafin wani ya biyo. Duk wanda ya tashi a ruga ya san wannan numfashin.

Wuƙar da mijina ke yankan alayyafo tana soke a jikin tsamiya. Na zaro ta na miƙa wa Inna. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman hatsi, naman saniya guda abinci ne na unguwa. Inna ta dubi wuƙar, ba ta karɓa ba.

"Mace ba ta yanka," ta ce.

Na ce to ni zan yi. Ta ce ni da ko sallah ban fara ba. Na tsaya da wuƙa a hannu ina duban hanyar gari, ko Allah zai kawo wani matafiyi, ko wani da ya makara. Babu kowa. Muka ji an tayar da sallah. Kafin a sallame ta miƙe ƙafafu, idonta ya tsaya. Ta zama mushe a kan cinyar Inna. Shekaru bayan haka na ji wani malami a rediyo yana cewa yankan mace ya halatta. Na kashe rediyon.

Hadarin ya watse ba ɗigo ɗaya. Mutane suka fito daga masallaci, labari ya kai su, suka taho. Mijina ya iso da farar rigarsa, ya tsaya a gefe ɗaya na lambun. Baffa ya iso da sandarsa, ya tsaya a ɗaya gefen. Ba wanda ya dubi wani. Baffa ya daɗe yana kallon saniyar. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyarsa daga wuyanta, ya naɗe ta a hankali, ya rataya a kafaɗa. Ya yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa, ya ce ta faɗa wa yaron kwananta ne ya ƙare, babu laifin kowa, shi ne ya ɗaure ta a wurin. Ya ce kuma ta mayar da mai jego ɗaki. Ya juya ya kama hanyar Gwiwa, ko ruwa bai sha ba.

Mijina shi kaɗai ya haƙa ramin binne ta, ya ƙi a taya shi. Da ya dawo da yamma hannuwansa duk sun fashe. Inna ta isar masa da saƙon daga bayan ƙofa. Ya zauna a ƙasa ya ce da ma Baffa ya zage shi, ko ya ɗaga masa sanda.

Washegari ya fara naɗe wayar. Na aika Inna ta roƙe shi, bai ji ba. Da ya shigo na roƙe shi da kaina, na ce saniyar tawa ce kuma na yafe, agogon Kazaure yana zuwa, damina ta kusa, ya ƙara haƙuri kaɗan. Na tuna masa maganar da ya yi mini a kan abinci.

"Na tuna," ya ce. "Amma in na sake jin ƙarar akwatin nan, Fillo, ba zan iya haɗiye ko alayyafo ɗaya daga lambun ba."

Ya gwada gadi da sanda. Shanun da suka koyi tsoron wayar ba su daɗe ba suka gane babu ita. Ranar da ya kai tumatir kasuwa, wani garke da ba mu san na waye ba ya shiga. Ya dawo ya tarar da turaku da wuyan kwalabe.

Kafin in gama wankan jego ya hau motar Kano. Ya bar mini rediyo ɗaya mai kyau da kwayil ɗin, ban san dalilin da ya sa ya bar shi ba, na sa shi a cikin kwallar jerena. Da farko yana zuwa duk wata. Da aiki ya kai shi Ikko sai ya koma zuwa da Sallah, yana kawo atamfa da takalman yarinya waɗanda kullum sun yi mata kaɗan. Bai sake ni ba, bai kuma wulaƙanta ni ba. Amma bai ƙara zama a Roni ba, kuma har Baffa ya rasu ba su sake haɗa hanya ba.

Ruwan farko ya sauka bai fi mako da tafiyarsa ba, mai yawa, har ya cika fadamar. Na fito tsakar gida da yarinya a kafaɗa. Farfelar tana nan a kan azara, don ita kaɗai bai sauke ba. Tana ta juyawa cikin ruwan, ba a haɗe da komai ba. Ta yi damina biyu a haka kafin gara ta ci gindin azaran.